Kututture a Ƙarƙashin Ruwa: Yadda Kwale-kwalen Fadamar Haɗeja Ya Rasa Garkuwarsa

Duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale a fadamar Haɗeja cikin watan Satumba ya san wannan ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Wani ɗan "gum" ne daga ƙasa, kamar an dire turmi a gidan maƙwabta, sai jirgin ya girgiza, hira ta yanke, kowa ya sunkuya yana duban tsakanin ƙafafunsa ko ruwa ya fara tsattsafowa. Mu mun ji ta a daminar 2022, shekarar da ambaliya ta raba ƙauyuka da dama na Guri da Kirikasamma da hanyar mota. Gaisuwar rasuwa za mu je. Jirgin ya hau wani abu ya tsaya a kai yana lilo, mata suka ɗauki salati. Dattijon da ke tuƙi ko murya bai ɗaga ba. Ya ce kada wanda ya miƙe, ya sa mutum uku na gaba suka ja da baya a zaune, sannan ya dogara sandarsa a ƙasa ya zame jirgin kamar mai zare ƙaya.

Da hankali ya dawo jiki muka ce, "Baba, me muka hau?"

Ya ce, "Gindin gabaruwa ne, samari. Nan gonar alkama ce a da. Na san da shi sarai. Shi yana nan inda yake, hanyar ce ta matso."

Tun ranar muke juya wannan magana. Sana'armu rubuta manhajar kwamfuta ce, ba mu gaji su ba, ba mu gaji fito ba, don haka da farko mun ɗauki matsalar yadda ɗan boko zai ɗauke ta: katako ya yi rauni, a nemo abin da ya fi shi ƙarfi. Sai da muka bi tarihin jirgin da na kogin tare muka gane cewa kaurin katako ƙaramin kaso ne na abin da ya riƙa kare jiragen kakanninmu. Babban kason yana cikin kan matuƙi, kuma shi shekaru hamsin ɗin nan suka fi yi wa ɓarna.

Kogin da ba shi da dutse

Kogin Kano da kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya ɗauki sunan Haɗeja. Yana barin Wudil ya bar ƙasar duwatsu ya shiga yashi da laka na kwarin Tafkin Cadi. Daga nan har Gashuwa da wuya ka ga dutse a cikin kogin, in ba wanda mota ta kawo don aikin gada ba. Matuƙin Jebba ko na Lokoja dutse yake tsoro. Namu itace yake tsoro, da abin da ɗan Adam ya kafa ya tafi ya bari: gindin giyayya ko gabaruwa da aka sare, gungumen da ruwa ya tumɓuke ya binne kansa a yashi ya bar tsini a sama, turakun da masunta ke kafawa don tare kifi da dumba, dirkokin shingen lambu, bakin rijiyar siminti, bututun rijiyar burtsatse ta noman rani. Ruwan damina kuma ja ne, ko tafin hannu ka nutsa zuwa wuyan hannu ba za ka gan shi ba.

Amsar farko da mutanen wannan kwari suka bai wa matsalar ta girmi duk wata masarauta da muka sani. A 1987 wani makiyayi mai suna Malam Ya'u yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, sai ya ci karo da wani baƙin itace a zurfin kusan mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt, cikinsu har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi a 1994. Kwale-kwale ne, tsawonsa mita 8.4, faɗinsa kamar rabin mita, shekarunsa kimanin 8,000. Babu wanda ya girme shi a Afirka cikin waɗanda aka gano, kuma yana cikin ƙalilan mafi tsufa a duniya. Yanzu yana Damaturu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinmu a labarinsa shi ne kaurin jikinsa: kimanin santimita 5, faɗin yatsu uku ke nan. Mutanen da ba su da gizagon ƙarfe ne suka sassaƙa shi, amma goshinsa da bayansa a fiƙe suke tsaf, aikin wanda ya gaji sana'a. Dabarar kuwa ita ce wadda masassaƙa suka zo da ita har zamanin iyayenmu. A samu gungume ɗaya na maɗaci ko makamancinsa, a ƙwaƙule cikinsa, a bar ƙasan da kauri fiye da gefe. Jirgin da aka yi haka ba shi da mahaɗa a ƙasa, ba ƙusa, ba tsaga. Cikinsa zagaye ne, in ya hau kututture yakan zame gefe. In kuma ya tsage, tsagar takan bi jijiyar itacen a tsaye, ruwa ya riƙa shigowa kaɗan-kaɗan, a kwashe da ƙwarya har a kai gaɓa.

Akwai wata dabarar da ba ta itace ba ce. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya ratsa ƙasar Kano da Borno a farkon shekarun 1850, ya ba da labarin yadda aka ƙetare da shi da kayansa a Komadugu bisa wani abin fito da aka harhaɗa da manyan goruna, an ɗaure su biyu-biyu da sanduna. Sunan da ya ji ana kiran abin shi ne makara, sunan da zai sa Bahaushe ya ɗan ja da baya kafin ya hau. Amma a duba hikimar. Abin ba ya nutsewa cikin ruwa sosai balle ya taɓo kututture, in ma gora ɗaya ya fashe sauran suna riƙe da kaya. Wannan shi ne tunanin da Sinawa suka gina manyan jiragensu a kai, suna yanyanka cikin jirgi ɗaki-ɗaki da bangon katako, don ruwan da ya shiga ɗaki ɗaya ya tsaya nan. Jirgin ƙarni na 13 da aka tono a Quanzhou a 1974 ɗakuna 13 gare shi. Mu ma a wajen aiki haka ake koya mana: kada ka gina abin da lalacewar wuri ɗaya zai kayar da shi duka. Har yau masuntan Bade suna kwanciya bisa gora su shiga ruwa a bikin kamun kifin Gogaram, ba tare da wani ya kira abin kimiyya ba.

Ƙarfe ma ya zo wannan ruwa, tun da wuri. Ayarin Boyd Alexander da ya baro Ingila a 1904 ya zo da jirage biyu na ƙarfe da ake warwarewa gida-gida a ɗora wa 'yan dako. Sun sa su a Komadugu Yobe har Tafkin Cadi. Itace bai karya su ba, amma taɓo da ciyawa sun riƙe su wata da watanni suna neman mafita a tafkin, alhali Buduma na wuce su a jiragen da suka ɗaure da ciyawar ruwa, waɗanda ba su da cikin da za a huda. Shekara biyu bayan tasowarsu, a Afrilun 1906, Turawa suka ci Haɗeja da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Mulkin da ya biyo baya bai damu da koginmu a matsayin hanya ba. Dogo ya shimfiɗa, ya bi ta Malam Madori ya kai Nguru a 1930, don gyaɗa da fata.

Daga gungume zuwa katako

Jirgin gungume yana buƙatar itacen da ya shekara da yawa yana girma. Irin waɗannan itatuwa sun yi ta ƙarewa: fari ya kashe wasu, gatari ya ci wasu, itacen girki na birane ya kwashe saura. A hankali kafinta ya karɓi aikin masassaƙi. Kwale-kwalen da muke gani yau a mashigai, na katako ne da mota ke kawowa daga kudu, yawanci mai kaurin inci ɗaya, wato rabin na Dufuna. Ƙasansa a shimfiɗe, an jera katakai an buga su da ƙusa a kan haƙarƙari, an cusa auduga ko tsumma a mahaɗa, an shafe da kwalta, an rufe da siraran yankan kwano. Wasu yanzu farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji suke narkawa a fetur su yi danƙo da shi.

Kada a yi mana mummunar fahimta, jirgin katako ci gaba ne ta fuskoki da yawa. Ya fi faɗi, ya fi ɗaukar kaya, ba ya saurin kifewa kamar na gungume, kuma talaka na iya mallakarsa. Da shi ake fito da shinkafa da babur da amarya. Sai dai ƙasa shimfiɗaɗɗiya ba ta zamewa daga kan kututture, hawa take yi ta zauna. Kuma duk mahaɗa ƙofa ce. In tsini ya daki katako kusa da inda aka buga shi, ba tsagewa yake yi ba, ɓallewa yake daga haƙarƙarin, musamman in ƙusoshin sun yi tsatsa sun ci ramin da suke ciki. Mutanen Jenne da Tumbutu sun daɗe da wata hanyar: René Caillié, Bafaranshen da ya bi Kwara zuwa Kabara a 1828, ya shiga babban jirgi da aka ɗinke katakansa da igiya, irin aikin gyartai a jikin ƙwarya. Irin wannan jirgi yana yoyo kullum, sai an sa masu kwasar ruwa, amma ɗinki yana da sassauci, yana lanƙwasa ya dawo. Ƙusa ba ta san wannan ba.

Duk da haka, da sauyin ya tsaya a katako, da da sauƙi.

A da, kogin Haɗeja yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Ruwa ya iso da damina, ya malale fadama, ya kai ƙarshen cikarsa wajen Satumba, ya janye da kaka, da bazara yara su yi ƙwallo a cikin yashinsa. A lura da abin da wannan ke nufi ga matuƙi. Hanyar da zai bi da jirgi a watan Agusta, ya taka ta da ƙafa a watan Maris. Ya ga inda gungume ya kwanta, ya ga wanda ya sare itace ya bar gindi, in abin ya tare hanya a haɗu a ƙone shi ko a tone. Kowace shekara kogin da kansa yake buɗe cikinsa a duba. Ilimin da Sarkin Ruwa da mutanensa ke riƙe da shi, wanda wasunmu suka ɗauka duk tsatsuba ne da surkulle, mafi yawansa wannan ne: taswira ce da ake sabuntawa duk rani.

Sai aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, daidai lokacin da farin farkon shekarun 1970 ya gama gigita Arewa. Aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Madatsar Calawa ta biyo baya a 1992, ga kuma shingen ruwa na wajen Auyo don noman rani. Ba mu cikin masu tsine wa Tiga. Ruwan da Kano ke sha da tumatirin Kadawa da shinkafar Kura duk albarkacinta ne. Amma ta juya wa kogin ɗabi'a ta hanya biyu masu karo da juna, kuma kowacce ta bar wa jirgi tarko.

Ta farko, ambaliyar shekara-shekara ta ragu. Binciken da aka yi da hotunan sama ya nuna ruwa na rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadamar Haɗeja da Nguru a ƙarshen shekarun 1960, amma a shekarun 1980, da madatsa da fari suka haɗu, akwai shekarun da bai kai 1,000 ba. Ƙasar da ruwa ya saki, mutane suka shiga. Injinan ban ruwa ƙanana suka yawaita, sannan gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama daga 1987, farashi ya tashi, aka faɗa wa kurmin fadama da sara don a shuka ta. Mai sauri ba ya tone gindi. Yakan sare itace daidai gwiwa ko ƙugu ya yi noma a kewaye. Gonar alkamar da dattijon nan ya ambata, daga wannan zamanin take.

Ta biyu, ruwan da ake saki daga madatsun da rani ya sa kogin ya daina ƙafewa. Ruwa marar zurfi da ba ya tafiya shi ne abin da kacala ke so. Ta cika hanyoyin ruwa, ta riƙe laka, laka ta ƙara mata wurin zama. A ƙasan garin Haɗeja kogin ya kasu: tsohon kogin Haɗeja, da Burum Gana, da Marma mai zuwa tafkin Nguru. Da kacala da yashi suka toshe na farko da na biyu, akasarin ruwan ya karkata Marma, ya hau gonaki da makiyaya ya zauna, har ya riƙa cin hanyar motar Haɗeja zuwa Nguru. Gabaruwa da giyayya suna jure ruwan wata uku ko huɗu, abin da suka saba ke nan. Ruwan shekara da shekaru kuwa kashe su yake. Su bushe a tsaye, masu itace su zo a jirgi su sare abin da ke sama da ruwa, su bar abin da ke ƙasa. Da damina ruwa ya ƙaru da kamu ɗaya ko biyu, ya rufe kan.

To ga yadda lissafin ya kasance. Shekarun ƙarancin ruwa sun shuka kututture a fadama, shekarun toshewa sun kawo ruwa sun rufe su, kacala kuma ta hana jirgi bin tsohuwar hanya, ta tura shi ta cikin gonakin da. Rani bai ƙara buɗe cikin kogin a duba ba. Matuƙi na nan da iliminsa, amma ilimin na kogin da ya riga ya tashi ne. A wajen aikinmu mun san irin wannan matsala: bayanan da aka adana daidai suke a ranar da aka adana su, illarsu ita ce ba sa faɗa maka ranar da suka tsufa.

Inji da lodi

Har yanzu yawancin ƙananan jiragenmu da sanda da filafili ake tuƙa su. Sandar nan ba ta tura jirgi kaɗai take yi ba. Duk dogarawa ɗaya tambaya ce ga ƙasan ruwa: yashi ne, laka ce, saiwa ce, zurfin ya ƙaru ko ya ragu? Mai sanda yana karanta hanya da hannunsa. Ranar da aka ɗaura inji a bayan manyan jiragen kasuwa, matuƙi ya koma can baya ya zauna, kaya da fasinja suka tare masa gaba, kuma babu sauran abin da ke taɓa ƙasa sai jikin jirgin kansa.

Ga kuma gudu. Ƙarfin karo ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi a kan kansa. Gudu ya ninka biyu, karo ya ninka huɗu. Jirgin da sanda ke kai shi kilomita 4 a awa, in inji ya kai shi 16, dukan da katakonsa zai sha ya ninka sau 16. Katakon kuwa shi ne dai mai inci ɗayan nan.

Idan haɗari ya faru, abin da aka fi ji a rediyo shi ne an yi wa jirgi lodi fiye da kima. Gaskiya ne, kuma shi aka ɗora wa alhakin abin da ya faru a madatsar Watari ta Bagwai a Nuwamban 2021, inda ɗaliban Islamiyya suka rasu a hanyar zuwa Mauludi. Amma lodi da kututture ba matsaloli biyu ba ne masu zaman kansu. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 10 da faɗin mita ɗaya da 'yan kai. Duk tan ɗaya da aka ƙara masa, wato manya kamar goma sha biyar, zai ƙara nutsewa da kusan santimita 10. Gindin da ya wuce ta kansa lafiya da safe ba kowa a ciki, shi zai daka da yamma an taso daga kasuwa. Mun zauna mun lissafa abin da ke biyo baya. Rami mai faɗin santimita 5, a zurfin santimita 30 ƙarƙashin ruwa, yana shigo da kimanin lita 170 a minti ɗaya, kusan jarka bakwai ta lita 25. Mai kwasa ɗaya da yankakkiyar galan, komai zafin namansa, da wuya ya fitar da rabin haka. Kafin ruwan ya cika jirgin ma ya riga ya yi ɓarnarsa, domin yana gudu ya taru a duk gefen da jirgin ya karkata, mutane su firgita su miƙe, sauran labarin kowa ya san shi. A Yunin 2023, a yankin Patigi ta Jihar Kwara, jirgin 'yan biki da ke dawowa cikin dare ya daki gungume a Kwara ya rabe, mutum fiye da 100 suka rasu. Akwai lodi, akwai duhu, akwai itace.

Ba mu kaɗai muka taɓa shiga wannan hali ba. A Amurka, farkon ƙarni na 19, itatuwan da suka nutse a kogin Misisifi da Mizuri sun hallaka jiragen tururi masu yawa. Wani matuƙi mai suna Henry Shreve ya ƙera jirgi na musamman mai gangar jiki biyu, Heliopolis, wanda ya fara aiki a 1829, aikinsa kawai ya tumɓuke gungume ya yayyanka. Gwamnati ce ta biya, domin an gane cewa ba mai jirgi ɗaya da zai iya share kogi don kowa. Duk da haka a 1856 wani jirgi mai suna Arabia ya daki gungume a Mizuri ya nutse. Da aka tashi tono shi a 1988, a ƙarƙashin gonar wani manomi aka same shi, nesa da ruwa, don kogin ya daɗe da sauya hanya. Da muka karanta wannan sai muka tuna Dufuna, muka tuna maganar dattijo. A gida ma, tafkin Kainji da aka tare a 1968 ya haɗiye dazuzzuka a tsaye, kuma bayan mummunan haɗarin Warra na Mayun 2021 hukumar HYPPADEC ta shiga aikin sare itatuwan da ke cikin ruwan. Tafkin Bolta na Gana ma da wannan ciwon yake kwana tun shekarun 1960.

Me ya rage a hannun mai jirgi?

Kafintocin bakin ruwa ba su zauna jiran gwamnati ba. Za ka ga an lulluɓe ƙirjin jirgi da kwano, an ɗaura yankin tsohuwar taya a goshi. Taya tana da amfani wajen tunkarar gaɓa. Kwano kuwa muna da ja a kansa. Yana hana gogewa, amma siririn kwanon rufi ba ya tare tsini, kuma yana ɓoye ruɓa: ruwa ya shige tsakaninsa da katako ya kwanta, mai jirgi na ganin ƙarfe yana ƙyalli, a ciki itace ya zama biredi. Abin da ya fi shi, a ganinmu, tsohuwar dabara ce ta masu jiragen katako na Turai. Sukan shimfiɗa wani dogon katako a ƙarƙashin ƙashin bayan jirgi, da gangan ba sa ɗaure shi tamau, don in jirgi ya gogi ƙasa shi ya ɓalle ya bar jikin lafiya. Takalmi ke nan. Dogayen katakai biyu ko uku masu tauri a ƙasan kwale-kwale, daga ƙirji zuwa tsakiya, suna karɓar duka, suna raba shi kan haƙarƙari da yawa, suna kuma taimaka wa jirgi ya zame. In sun cinye a sauya su. Wasu kafintocin suna yi in mai jirgi ya biya, sai dai yawanci a nan ake rage kuɗi.

Sai darasin makarar Barth, wanda ya fi kowanne araha. Jarka ɗaya ta lita 25, babu komai ciki, a rufe gam, tana ɗaga kusan kilo 24 a ruwa. Guda ashirin a ɗaure da igiya a ƙarƙashin mazauni sun kusa rabin tan. Ba za su hana jirgi hujewa ba, amma za su hana shi tafiya ƙasa da inji da buhuna, su bar wa mutane abin kamawa. Wanda ruwa ya ci, an ce ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, to gara ya tarar da jarka. Matsalarta ɗaya: wurin jarka ashirin wurin buhu ne da za a biya kuɗinsa.

Kwanan nan ana ta kira daga Abuja cewa a daina jirgin katako a koma na faiba. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar ceto, kuma duka biyun muna goyon baya ba tare da wani sharaɗi ba. Batun faiba ne muke so a yi a hankali. Faiba ba ta ruɓa, ba ta da mahaɗa, wannan haka yake. Amma ta fi ruwa nauyi. Jirgin katako in ya cika da ruwa babu kaya mai nauyi yakan tsaya a saman ruwa, na faiba kuwa in ba a cusa masa soso a ɓoyayyun ɗakuna ba, ƙasa zai yi. Kuma in ya fashe a wani ƙauye na Guri ranar Talata, wa zai gyara? Katako da ƙusa da kwalta akwai su a kowace kasuwa, da mai bugawa. Danƙon faiba da zarenta sai an aika birni. Jirgin da ba a iya gyarawa a inda yake aiki, damina biyu zai yi ya zama wurin shan ruwan awaki.

Mu ma mun kawo tamu gudummawar, kuma ya kamata mu faɗi yadda ta ƙare. Mun rubuta 'yar manhaja ta waya: matuƙi ya ga kututture ya danna, wurin ya shiga taswira, wayar kowa ta yi ƙara in ya kusato. A kan tebur abin ya yi kyau. A kan ruwa sai muka tarar wayar hannu takan yi kuskuren wuri da mita biyar ko fiye, alhali gindin itacen bai fi rabin mita ba, hanyar da aka yanka cikin kacala kuma wani wurin ba ta fi faɗin jirgi biyu ba. Gargaɗin da ke cewa akwai abu nan kusa, ko dama ko hagu, bai ƙara wa matuƙi komai ba sai faɗuwar gaba. Na'urar gano kifi ta masu kamun nishaɗi ma mun gwada. Abin da ke ƙarƙashinta take gani, ba na gabanta ba, a cikin ciyawa kuma ruɗewa take yi. Abu ɗaya da ya yi amfani shi ne hotunan tauraron ɗan Adam na Sentinel-2, waɗanda ake samu kyauta duk bayan kwana biyar. Ba sa nuna kututture, ɗigo ɗaya a cikinsu mita 10 ne, amma in ka jera na shekaru a kan juna kana ganin inda hanyar ruwa ta matsa, ka san wace tsohuwar gona jirage za su ratsa bana.

Da hoton a hannu muka koma wurin dattijon a watan Maris, lokacin da ruwan wurin ya sauka zuwa gwiwa, kawunan gindayen suka fito baƙi-ƙirin kamar garken da ya kwanta. Ya duba wayar, ya gyaɗa kai, ya nuna wurare biyu da hoton ya yi daidai da wuri ɗaya da ya ce ƙarya yake yi. Sannan ya ce, "To ku sa ta aljihu, ku kama min zarto."

Mun yanke biyu daidai da laka kafin azahar, hannuwanmu na 'yan ofis duk sun yi kanta. Muna shirin kama na uku, wanda muka hau a 2022, sai ga wani mutum ya ratso ruwa yana ɗaga hannu. Mai gonar ne. Bayan gaisuwa ya ce don Allah a bar masa wannan. Shekara da shekaru gonarsa na cikin ruwa, kunya da shinge duk sun narke, dattawan da suka san iyaka sun ƙare. Wannan gindin gabaruwa shi kaɗai ya rage da ke nuna inda tasa ta tsaya ta ɗan'uwansa ta fara, kuma da shi zai kafa hujja gaban Bulama ranar da aka buɗe kogi ruwa ya janye.

Dattijo bai yi musu ba. Ya aiki jikansa ya ɗauko doguwar gwangwala, aka kafa ta jikin gindin aka ɗaure da waya, aka yagi jan ƙyalle aka ƙulla a kai, sama da inda ruwan 2022 ya bar zane a jikin itatuwa. Ya ce wa mai gonar in iska ta kayar, shi zai mayar, tun da iyakarsa ce. Mutumin ya ce ya ji.